Jif Ɗin Mijin Yaya

Auta na durƙushe tana shafa wa Mama man zafi a gwiwa, sai ga Yaya ta faɗo falon tana kaɗa makulli, ko sallamar kirki babu.

"Mama, ta iso! Jif ce fa, kujera bakwai, duk na fata. Rufinta gilashi ne, ga kyamara a baya in za a yi ribas. Tayoyin huɗu duka ja suke yi, ko rami ba ta ji."

"Allah ya tsare," in ji Mama.

"Daga Litinin ita za ta riƙa kai ki gashin ƙashi. Ke Auta, mijinki ya huta. Akwalar nan tasa in ta tsaya a ƙofar gidan nan, wallahi ji nake kamar in nutse."

Auta ta ɗago ta dubi Mama. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Mama ya shanye, kuma Malam, mijin Auta, shi ke kai ta asibiti sau uku a mako kafin ya wuce makarantar da yake koyarwa. Kalma ɗaya take jira daga bakin uwarta. Mama ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zani. Shirun nan ya fi zagin Yaya ciwo.

Auta ta koma gida tana tsara yadda za ta rage wa maganar kaifi in za ta faɗa wa Malam. Ina! Yaya ta riga ta, ta tura wa Malam saƙon murya har da dariya a ƙarshe.

"Mama na wurin aka faɗi wannan?" ya tambaya.

"Tana wurin."

"Me ta ce?"

Hawaye ne suka ba shi amsa.

"Shi ke nan. Uwarki ce, ba zan hana ki zuwa ba. Amma ni na cire ƙafata daga gidan."

Bai yi faɗa ba, da ma ba halinsa ba ne. Sai dai hira ta mutu a ɗakinsu, kuma Auta ta fara tsoron auren nata zai bi bayanta.

Ranar Litinin jif ta iso tana sheƙi, maƙwabta suka fito kallo. Aka buɗe ƙofa, sai a lokacin aka ga tsayinta — bakin ƙofarta ya kusa gwiwar Mama. Ƙafar da ke ja da ƙasa yaya za ta hau? Yaya ta sa aka kawo kujera 'yar tsuguno. Mama na ɗora ƙafa kujerar ta goce, ta zube a jikin Auta, zaninta ya kwance a gaban jama'a.

Ranar ba a je ba. Ranar Laraba ma Mama ta ƙi fitowa, ƙafar ta fara sandarewa.

Da kanta Mama ta ce a kira mata mijin Auta, ita da kunya ba ta taɓa bari ta yi waya da shi ba.

"Malam... na yi shiru inda bai kamata ba. Ka yafe mini."

Juma'a da safe ya zo. Ya manna motar da dakali, ya tura kujerar gaba baya, ya juya kai gefe. Mama ta ba motar baya ta zauna, Auta ta ɗaga mata ƙafafu ta shigar. Minti ɗaya ba a yi ba. Mai gashin ƙashi ce ta koya masa wannan dabara tun farko, ba wanda ya taɓa lura.

Yaya kuwa ba ta ba da haƙuri ba. Cewa ta yi laifin kamfani ne da ba su sa matakala ba.

Haƙurin Malam bai tafi a banza ba, don Mama ta taka da sanda, kuma ba ta sake yarda a taɓa shi a gabanta ba. Hira ta dawo ɗakin Auta. Amma falon gidan Mama, Malam bai ƙara zama a ciki ba, daga bakin ƙofa yake gaisuwa ya koma mota, Auta na kallo zuciyarta na ƙuna.

Kada a wulaƙanta mai yi maka hidima a gabanka ka yi shiru. Zai iya yafewa ya dawo, amma ba dukkansa ke dawowa ba.