Wutar da Ta Kai Shi Bungudu

"Ba zan ajiye ba, Kamilu."

Da sukudireba a hannunta Bara'atu ta faɗa, a ƙofar shagon wayarin mota na mahaifinta a Gusau. Kamilu, direban da ya daɗe yana neman aurenta, saƙon innarsa ya kawo daga Tsafe: ko ta bar gareji, ko a fasa.

Idon Baba ya mutu. Ita ta yi makarantar koyon sana'a, ita kaɗai ta rage masa.

Kamilu ya ɗauke ƙafa. Hanatu 'yar Bungudu, wadda ta daɗe tana kai wa innar Kamilu labarin mazan da ke tsayawa a shagon, ta samu shiga.

Damina ta zo ta wuce. Bencin da Kamilu yake zama babu wanda ya sake zama a kai.

Wata azahar ɗan kabu-kabu ya zo, ya ce mota ta mutu a hanyar Bungudu, ana nemanta.

'Yar Beljiyam ɗin Kamilu ce, but ɗin motar cike da akwatunan lefen Hanatu, gwaggonninsa a gindin marke.

Kanikawa sun nemi kwantak, ƙarfen ba da wuta na tsofaffin motoci, su kankare, sun rasa. Irin wannan motar ba ta da shi. Wani ɗan ƙarfe ne a cikin distirbuta yake jin juyin inji, ya sanar da wani baƙin akwati, shi kuma ya katse wa koyil wuta, koyil ya harba ta ga fulogi. In akwatin ya yi zafi, shi ke nan.

Ta taɓa shi, kamar garwashi.

"Ɗiya mace a cikin inji, Allah shi kyauta," in ji Gwaggo Kulu.

Butar Gwaggo Kulu Bara'atu ta ara. Ta jiƙa tsumma ta sanyaya akwatin, ta kankare busasshen man ƙasansa mai janye zafi, ta shafa sabo, ta ɗaure.

Kamilu ya matso bayan bonet.

"Bara'atuna… ki ce kin bari kawai. Wallahi yanzu in juya kan motar nan Gusau."

Ta tuna Baba yana laluben kujera.

"Tayar mu ji."

Makulli ɗaya ta kama.

Tana tsaye har motar ta ɓace. Ta riƙe shagon, ta riƙe Baba. Kamilu kam ta rasa shi, kuma da hannunta ta ba da wutar da ta kai shi.