Ɗakin Sautin Dairo

Tun da aka binne yayanta Dairo, Yuleidis ba ta yi kuka ba, abinci ma ba ta jin ɗanɗanonsa. Ɗakin ɗaukar sautinsa da ke bayan gidansu a birnin Barranquilla ya dawo hannunta, ita da ba ta san kan aikin ba. A daren nan ta goge duk abin da ke cikin kwamfutarsa, ta ɗora sabuwar manhaja, ta jona makirfo, ta toshe kunnuwanta da abin sauraro. Ko ƙarar fanka ba ta ji.

"'Yata, kin rage sautin da yawa."

Wani dattijo ne zaune a kan lasifika, da farar riga, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta ɗauka ɗaya daga cikin makaɗan da ke zuwa wurin Dairo ne.

"Baba, an rufe. Mai wurin ya rasu."

"Mun sani. Shi dai ba ya kunna na'ura sai ya ɗiga mana giyar rake a ƙasa. Ke kuwa uwar rowa, ko ɗigo! Har muryoyinmu kika share."

Bakinsa na dab da makirfon. Ta dubi allon kwamfutar. Koren layin da ke rawa idan an yi magana yana kwance, ko motsi. Ta yi tari, layin ya yi tsalle. Ta kai hannu kunnenta, ta ji abin sauraron na nan daram.

"Ɗauko kwalbar giyar," in ji shi. "Dairo na bakin ƙofa, nauyin shigowa yake ji."