Sawun da Ruwa Bai Cika Ba

An ba da labarin nan ta hanya uku. Na ɗan baffana Tanimu na riƙa, domin shi abin ya sama, kuma sau biyu na ji daga bakinsa, shekara bakwai tsakani, bai sauya kalma ba.

Tanimu ma'aikacin gandun daji ne. An aike shi ya sa wa tsofaffin itatuwan maɗaci lamba da jan fenti, don kada a sare su. Ƙa'idar fadamar wurin ita ce a shiga mutum biyu: na gaba yana gwada laka da gora, na baya yana taka sawunsa. A ranar, zazzaɓi ya kwantar da abokin aikinsa. Tanimu ya shiga shi kaɗai.

Bayan azahar ya shafa wa itace na arba'in da ɗaya lamba. Da ya juya, bai ga hanya ba. Tsuntsaye sun yi tsit.

Sai ga wani tsoho riƙe da gora.

"Samari, ka ɓata."

"Na ɓata, Baba."

"Taka sawuna."

Ya bi shi. Laka ta kai idon sawu, ta kai gwiwa. Nan Tanimu ya lura da abu ɗaya. Duk sawun da ɗan Adam ya bari a fadama, nan take ruwa ke cika shi. Na tsohon a bushe yake, har da ƙura a ciki.

Laka ta kai cinya. Ya ja ƙafa, ta ƙi fita. Tsohon bai waiwayo ba.

"Ka yi sallama kafin ka shafa jan nan?"

"Ban yi ba, Baba."

"A ƙofar ɗakina ka shafa. Iyalina suna ciki."

Laka ta kai ƙugu.

"Na yi kuskure. A yafe mini. Zan koma in kankare."

"Mene ne amfanin jan?"

"Itacen da ke da lamba, ba a sa masa gatari."

Laka ta taɓa haƙarƙari.

"Ɗakin ƙanena aka sare bara," in ji tsohon a hankali. "Bar jan."

Ya miƙo gorar ta baya. Tanimu ya kama, ya runtse ido. Da ya buɗe, yana kwance a bakin hanyar mota, gorar a hannunsa.

Na ga gorar da idona. An tsoma ta a randa a gabanmu, ta fito a bushe. Tanimu ya ce kada waninmu ya shiga fadamar nan shi kaɗai, kuma in na gaba ya ce a taka sawunsa, a fara duba cikin sawun.

Waɗanda suka halarci gwajin gorar a zauren Baffa bayan isha'i: Lauwali, Barira, Zakari mai ɗinki, Inna Dije, da ni.