Baƙaƙen Zannuwan Kaka

"Ciwon gwiwa kika ce min!"

Ban ɗago ba. Na ci gaba da taka keken ɗinki kamar wadda ake jiran kaya a hannunta, alhali ko zare babu a allurar.

"Da ke nake, Takwara. Ciwon gwiwa ne yake kai mutum ɗakin tiyatar mata?"

Dogo ne tsaye a ƙofar shagona da fararen kayan aikinsa, ko gida bai biya ba. Nas ne a ɗakin tiyata na babban asibiti, kuma saura wata biyu a ɗaura mana aure. Shekara uku muna tare ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba sai ranar.

"Wa ya faɗa maka?" na ce a hankali.

"Wa zai faɗa min? Jerin sunayen aikin ranar Alhamis aka liƙa, na ga sunan Kaka. A gabansa an rubuta dajin mahaifa. A gaban wannan kuma an ja layi da jan biro, wai mara lafiya ta ƙi yarda a yi mata!"

Ƙafata ta tsaya da kanta a kan keken.

"Sati uku kina kallon idona kina min ƙarya... Me na yi miki? Kina tsoron in fasa ne? Ko kina ganin 'yan gidanmu za su ce ciwon gado ne?"

"Ba haka ba ne."

"To mene ne, abar ƙaunata? Ki faɗa min ko na samu in yi numfashi."

Da ya ci gaba da faɗan da ya fi min sauƙi. Wannan sassauta muryar ita ta karya ni. Na miƙe, na ja mayafina, na raɓa ta gefensa na fita, ko shagon ban rufe ba. Ina jin yana kirana har na sha kwana.

Kaka ce ta raine ni tun ina wata tara, bayan rasuwar mahaifiyata. Sunanta aka sa min, shi ya sa take ce min Takwara, har sunan ya bi ni makaranta da shago. Mace ce mai tsafta har ta yi yawa. Ba ta ɗaura zani sai mai haske: fari, ruwan ƙwai, ruwan sararin sama. Cewa take baƙin kaya na ƙazamai ne masu gudun wanki.

Wata bakwai kafin wannan rana, ina shanya na ga tabo a farin zaninta. An wanke, an sake wankewa, amma shatin yana nan. Matar da ta shekara saba'in da biyu, wadda al'ada ta ɗauke mata tun kafin a haife ni. Na daɗe riƙe da zanin, sannan na ninke shi na sa a ƙasan akwati.

Bayan kwana biyu ta same ni ina guga.

"Takwara, ki ɗinka min zani mai duhu. Na gaji da fararen nan, sun fiye ɗaukar datti."

Idonta yana kan bango take maganar. Nawa kuma yana kan dutsen guga.

"To, Kaka."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na ɗinka mata baƙi. Na ƙara da ruwan ƙasa mai duhu. Da na ga abin yana ƙaruwa, sai na fara yi musu shafi biyu daga baya, na ɗinka mata wasu ƙananan ƙyallaye masu taushi, na ajiye a ƙarƙashin filonta ba tare da na ce uffan ba. Ita ma ba ta ce ba. Washegari dai na ga babu su a wurin.

Wallahi a lokacin gani nake ni 'yar halak ce. Gani nake na iya rufa wa tsohuwa asiri, ban bari ta ji kunyata ba. Har wani daɗi nake ji idan na ga ɗinkin ya zauna, ba mai gane komai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na sani. Wata rana Dogo ya zo hira da yamma, a gajiye, yake ba ni labarin wata dattijuwa da aka kawo musu a makare. Ya ce duk macen da al'ada ta ɗauke wa ta sake ganin jini, ko ɗigo ne, a ranar ya kamata ta ga likita. Na ce, "Allah sarki," na tura masa kofin ruwa. A lokacin zani na huɗu yana kan kekena.

Sai da Kaka ta yanke jiki ta faɗi a bakin banɗaki sannan na kai ta asibiti, shi ma na zaɓi ranar da na san Dogo yana hutu. Aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito, likitar, wata mace mai gilashi da sanyin murya, ta ja kujera kusa da mu.

"Mama, ciwon daji ne a mahaifa. Za mu cire ta gaba ɗaya. Tun yaushe kike ganin jinin?"

"Bai fi sati uku ba, 'yar nan," in ji Kaka.

Likitar ta juyo gare ni. "Haka ne?"

Na gyaɗa kai. Ni da na ɗinka zani goma sha ɗaya, na gyaɗa kai.

Da muka fito Kaka ta tambayi wata mai shara ko a wane ɓangare ake tiyatar. Matar ta nuna mata ƙofa mai koren fenti, ta ƙara da cewa ai a nan dogon nas ɗin nan mai fara'a yake aiki. Na mayar da Kaka gida. Tana zama ta ce ba za a yi ba.

To ta yaya zan kalli Dogo in faɗa masa? In ce ya gaya min da bakinsa, na ji da kunnena, na koma na ci gaba da ɗinki? Sai na ce masa gwiwa ce take damunta, kuma ba ta son baƙi.

Ranar da na gudo daga shago, ban fi rabin awa da shiga gida ba na ji sallamarsa. La'asar ta yi, rana ta faɗo kan labulen ɗakin Kaka. A da, da ta ji muryarsa za ta fara: "Ga angona ya zo! Shigo ka bar wannan mai ƙafar keken, ni ce daidai da kai." Shi kuma ya durƙusa yana cewa ai tun farko ita ya zo nema, aka yi masa musanya.

Ranar kuwa sai ta ja labulen ta rufe ruf.

"Ki ce masa ina barci."

"Kaka, ina jin ki," ya ce daga waje. Ya ajiye makullin shagona a kan tabarma, ya zauna a bakin ƙofa, labule a tsakaninsu. "Ina wuni? Ya jiki?"

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Na ga takardar, Kaka. Don Allah me ya sa kika ƙi?"

"Kai yaro, tashi ka tafi," in ji Kaka daga ciki. "Ni za a kwantar tsirara a gaban wanda zai auri jikata? In tashi in kalle ka da wane ido? Gara ƙasa ta rufe ni da mutuncina."

"Ba zan shiga ba. Na riga na roƙi shugabarmu ta canza ni ranar. Mata ne za su tsaya a kanki, likitar ma mace ce."

"Ko ba ka shiga ba ai ka sani!"

"Sanin nawa ba zai kashe ki ba, Kaka, ciwon ne zai... Ki yi haƙuri. A takarda an ce sati uku ne da farawa. In haka ne an tare shi da wuri, kada mu bari ya..."

Ban san lokacin da na shiga ɗakin ba. Na buɗe akwatin, na kwaso su duka, na fito na zube su a gabansa. Baƙi, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu, duk da shafinsu biyu.

"Ba sati uku ba ne," na ce. "Wata bakwai ne. Ƙirga su. Ni na ɗinka su da hannuna don kada tabo ya nuna. Ranar da kake ba ni labarin dattijuwar nan na sani, na yi shiru. Ka ce in faɗa maka dalili, to ga shi nan. Kunyarka nake ji, Dogo! Kunyar kaina nake ji!"

Ya ɗauki ɗaya ya juya bayansa, ya shafa shafin da yatsa. Fuskarsa ta canza.

"Wata bakwai..." ya ce. "Takwara, wata bakwai?"

Na durƙushe a wurin ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Na jira ya tashi ya tafi, kuma da ya tafi ba zan ga laifinsa ba.

Sai na ji motsin labule. Kaka ce ta leƙo da rabin fuskarta, hawaye yana bin tamojin kumatunta.

"Kada ka yi mata faɗa. Ni na sa ta. Na san ta gani, ita ma ta san na sani. Kullum in na ga ƙyallen nan a ƙarƙashin filo sai in ce gobe zan yi mata magana, goben ta zo bakina ya yi nauyi. Yarinyar da na yi wa wanka, ita zan buɗe baki in ce wa ina zubar da jini?"

"Da na tambaye ki, Kaka..."

"Da na ce ƙarya kike."

Dogo ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Kun tuna kwalaben maganin ƙarin jinin da nake kawowa?"

Muka dube shi.

"Tun watanni huɗu da suka wuce na ga tafin hannunki ya yi fari, Kaka. Na ga kina haki daga ɗaki zuwa tsakar gida. Aikina ne, na san tambayar da ake yi wa mace mai shekarunki idan jininta yana ƙasa. A asibiti sau goma nake yin ta a rana. Amma ke... na kasa. Na sayo kwalba na ce ki riƙa sha, na koma ina yi miki wasan ango." Ya share fuskarsa da hannun rigarsa. "Ni da na yi karatun abin ma ke nan. Da wane baki zan yi wa Takwara faɗa?"

Zannuwan suna zube a tsakaninmu mu uku. Can Kaka ta ja hanci ta ce, "Ashe gidan gaba ɗaya kurame ne."

Dariya ta kuɓuce min a cikin kukan. Dogo ya matso kusa da labulen.

"Kaka, saura wata biyu. Ba ni da wadda za ta riƙa min Takwara idan ta fara rigimarta sai ke. Ki taimake ni."

"In na yarda, ba za ka leƙo ba?"

"Ko hanyar ba zan bi ba."

"Kuma ba za ka ƙara ce min ya jiki da wannan muryar ta asibiti ba?"

"Na daina."

Ta saki labulen. Daga ciki muka ji ta ce, "Takwara, gobe ki kai ni wurin mai gilashin nan. Ke za ki faɗa mata watannin, ni bakina ba zai iya ba."

Na faɗa mata. Ina tsaye na ce wata bakwai ne, kuma na sani tun ranar farko. Likitar ba ta zage ni ba, ta dai cire gilashinta ta goge, ta ƙara rubuta wani hoton da za a ɗauka kafin aiki. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Alhamis aka yi tiyatar. Dogo ya cika alkawari, a benci ya zauna tare da ni a waje cikin kayan gida, awa huɗu. Da na fara kuka sai ya ce, "Ina nan, zuciyata. Duk abin da ya fito, namu ne mu biyu."

Abin da ya fito ba shi muka so ba. Ciwon ya ɗan wuce mahaifar, sai an bi da gashi na na'ura har sati biyar. Na tambayi likitar ko da mun zo tun farko da ba a kai ga haka ba. Ta dube ni ta ce, "Mai yiwuwa." Wannan kalmar tana nan tare da ni har yau, kuma ba na jin za ta bar ni.

Ranar da aka sallamo Kaka, ina gyara mata filo ta riƙo hannuna. Ta rame, muryarta ta yi ƙasa.

"Ina zannuwan nan?"

"Suna akwati."

"Ki fitar min da su daga ɗaki. Ki ɗinka min fari tas, wanda zan ɗaura ranar aurenku. Kada ki sa masa shafi."

"Kaka, fari? Likita ta ce wataƙila a lokacin gashi ki riƙa ganin..."

"Na ji ta. In ya fito, ya fito. Ki gani da idonki, ki buɗe baki ki tambaye ni."

Dogo ya yi sallama daga ƙofa, ledar magunguna a hannunsa. Kaka ta gyara ɗankwalinta, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Shigo, angona! Kai ma in ka ga na yi fari, ka tambaya. Ka ƙara kawo min kwalba ka ga yadda za mu rabu."

Washegari da safe na buɗe shago, na shimfiɗa farin yadi a kan tebur. Hannuna ya kai kan ragowar baƙin ƙyallen da nake yin shafi da shi, don ya saba. Na ture shi gefe, na zura farin zare a allura.