Wanda Ya Kashe Kwamfutar Baba

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Juma'a likitan asibitin unguwa ya bugo wa Sufeto waya. Ya ce an kawo masa gawar wani dattijo ana son ya sa hannu a takardar shaidar mutuwa, shi kuwa zuciyarsa ta ƙi. Ɗan marigayin ya ce da asubar nan rai ya yi halinsa, amma gawar ta fi kwana guda, ga jikin a bushe ƙamas kamar itacen da ya shekara a rana.

"Ba ciwonsa ne ya kashe shi ba," in ji likita. "Ƙishirwa ce."

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa, ya kira Sajan, suka hau mota.

A ƙofar gidan sun tarar an jera benci, masu ta'aziyya sun fara taruwa. Babban ɗan marigayin ne ya tare su, wani ƙosasshen mutum cikin fararen kaya, yana ta ƙamshi, da hankici a hannu. Ciyaman ake ce masa, don shi ne shugaban wata ƙungiya mai tallafa wa tsofaffi. Ya shaida musu cewa shekara uku ke nan ɓarin jikin mahaifinsa na dama ya shanye, ba ya tashi, magana ma sai da ƙyar. Su biyu ne a gidan. Akwai mai jinya da ke zuwa kullum da safe, ta zauna har ya dawo daga aiki.

"Wannan satin kana gari?" Sufeto ya tambaya.

"Ko nan da can ban je ba. Jiya da yamma ma da hannuna na ba shi ruwa."

Ɗakin dattijon yana can ƙarshen gida. Tun daga bakin ƙofa warin maganin wanke ƙasa ya bugi Sufeto, an kuma fesa turare a kai har yana shaƙe maƙogwaro. An shimfiɗa sabon zanin gado, ko lanƙwasar guga ba ta baje ba. Sufeto ya yaye zanin, ya kama gefen katifar ya ɗaga. Ashe kife ta aka yi. Abin da ya taso daga ƙarƙashinta ya sa Sajan ya toshe baki ya fita da gudu, sai kakarin amansa ake ji a tsakar gida. Sufeto ya saki katifar a hankali. Shekara ashirin da shida yana aikin nan, ya san irin ƙazantar da ke taruwa a yini ɗaya, ya kuma san wadda sai mutum ya yi kwanaki kwance a cikinta.

A kan wani ƙaramin tebur da ke fuskantar gadon akwai abu lulluɓe da tawul. Ya ɗage. Kwamfuta ce irin ta tebur, da 'yar kyamara maƙale a samanta. A kashe take, amma filoginta na cikin soket.

Ciyaman ya yi saurin cewa ta ƙanwarsa ce, da ita take kiran Baba ta bidiyo. Tun ranar Litinin aka ɗauke musu wuta, sai jiya aka dawo da ita, shi ya sa ta mutu.

Sufeto ya sa Sajan ya naɗe kwamfutar a kai ofis, ya kuma ce ya binciko masa bolar gidan kaf, shi kuma ya zagaya bayan katanga.

Shagon wani tela ne ke jingine da bangon ɗakin dattijon. Da aka tambaye shi zancen wuta, sai ya nuna kekensa na lantarki da tulin kayan makaranta da ya ɗinke a satin. Layinsu ɗaya da gidan, ya ce, kuma in ban da ranar Laraba da ta ɗan ƙifta, wuta ba ta je ko'ina ba. Har Sufeto ya juya, telan ya ƙara da cewa ranar Talata ya yi ta jin ana ƙwanƙwasa bangon daga ciki, a hankali, a tsaya, a sake. Ya ɗauka masu gyaran famfo ne. Ranar Laraba da hantsi ya sake ji sau biyu ko uku, daga nan shiru.

Yana faɗa yana kallon fuskar Sufeto. Can sai ya cire ƙafarsa daga kan keken, ya dafe kai.

Da azahar autar marigayin ta iso ofishin 'yan sanda kai tsaye daga tasha, da ƙurar hanya a jikinta. Malamar makaranta ce a wani gari mai nisa. Ita ta sayi kwamfutar, ta sa aka saita ta yadda in ta kira, bayan ƙara biyar kiran zai buɗe da kansa, tunda Baba ba ya iya taɓa komai. Sau uku take kira a rana. Ko bai yi magana ba takan gan shi, ya ɗaga mata hannun hagu.

"Wa ke iya kashe ta?"

"Ba a kashe ta, Yallaɓai. Akwai ranar da mai jinya ta kashe bisa kuskure tana goge-goge, sai na sa mata lambar sirri. Daga ni sai Yaya muka san lambar."

Ta ce tun safiyar Litinin kira ya daina shiga. Ta buga wa yayanta, ya ce wuta ce. Duk lokacin da ta roƙe shi ya kara wa Baba waya a kunne, sai ya ce barci yake, ko yanzu aka gama yi masa wanka. Har ya yi mata faɗa wai ta cika zargi, kamar ita kaɗai aka haifa.

Sufeto ya sa aka kawo mai jinyar ofis. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ta zauna a bakin kujera tana murza gefen mayafinta. Ta ce ta zo aiki Litinin, ta zo Talata, ta zo Laraba da Alhamis, kuma lafiya ƙalau ta bar dattijon. Maganar tana fita a jere kamar hadda.

Sufeto ya buɗe wata leda da Sajan ya kawo daga bola, ya fito da gorar ruwa ta roba ya ajiye a gabanta. Cike take, ba a taɓa buɗe ta ba. Murfin ne kawai a taune, duk shatar haƙora, da busasshen jini a gefe.

"Ke da kika san aikinki, haka kike ba mai hannu ɗaya ruwa?"

Matar ta kalli murfin. Ta ce ita a kofi take ba shi, da tsinken zuƙa, tana tallafe da kansa. Daga nan sauran maganar ta zubo. Tun Lahadi ta nemi hutun sati guda, an yi wa mahaifiyarta aiki a asibiti, Ciyaman ya ce ta tafi, shi zai zauna da Baba. Jiya da la'asar ya kira ta ya ce ta zo maza. Ta tarar da dattijon rabin jikinsa a ƙasa, ya riga ya sandare. Ita ta wanke gawar, ta wanke ɗakin, Ciyaman na tsaye a bakin ƙofa da hankici a hanci. Ya ce mata in ta kuskura ta buɗe baki zai ce ita ta gudu ta bar majinyaci, a ga wanda za a yarda da shi, ita ko shi.

Sufeto ya sa a rubuta bayaninta, ya wuce ɗakin da Kofur mai kula da na'urori take aiki. Ta riga ta kunna kwamfutar. Ta bayyana masa cewa kwamfuta ba ta mutuwa a ɓoye, tana rubuta yadda ta mutu. In wuta aka ɗauke ko aka fizge filogi, da an kunna ta za ta nuna an katse ta ba shiri. Wannan kuwa bi aka yi da ita daki-daki. Ranar Litinin, ƙarfe bakwai da minti goma sha ɗaya na safe, kira ya shigo daga auta, aka katse shi a ƙara ta uku. Aka danna wurin kashewa, ta nemi lambar sirri, aka ba ta daidai tun karon farko. Bakwai da minti goma sha biyu ta mutu, ba a sake kunna ta ba sai yau.

Sannan Kofur ta miƙo masa wayarta. A shafin ƙungiyar tallafa wa tsofaffi an ɗora hotunan wani taro na kwana uku da aka yi a wani otal, tafiyar awa biyar daga nan. Ga Ciyaman ranar Talata yana murmushi, ana miƙa masa lambar yabo. Ga shi ranar Laraba a gaban tebur cike da abinci.

Sufeto ya fita waje ya tofar da yawu.

Kafin la'asar ya koma gidan. Masu ta'aziyya sun ninka na safe. Ya ce da Ciyaman su shiga ciki, kuma bai tsaya da shi a falo ba, sai da ya kai shi ɗakin dattijon ya tura ƙofa. Ya karanta masa bayanin tela, da na mai jinya, da lokutan da kwamfuta ta rubuta. Ya ɗora gorar ruwan a kan teburin, ya ajiye hoton lambar yabon kusa da ita.

Ciyaman ya fara da faɗa, ya ce zai kira lauyansa, ya ce an san shi a garin nan. Da ya ga Sufeto ko gezau, sai ya nemi wurin zama. Babu kujera sai gadon. Ya kalle shi, ya ci gaba da tsayuwa.

"Kwana ɗaya na yi niyya," ya ce. "In karɓa in juyo. Na ajiye masa ruwa gora biyu da burodi. Mutane ne suka riƙe ni, ga manyan baƙi, ba yadda zan yi in tsallake su."

"Ba ka iya ce wa maƙwabci ya leƙo shi ba?"

"A ji cewa ni, shugaban ƙungiya, na bar ubana ba kowa? Da wane ido za a kalle ni?"

"Kwamfutar fa?"

"Da auta ta ga ɗakin ba kowa, da ta tara min jama'a. Ba ta san wahalar da nake sha ba. Ita daga nesa take so, ni nake shaƙar warin."

Sufeto ya tambaye shi abin da ya tsaya masa a rai tun ɗazu. Tunda sauri yake, me ya hana shi fizge filogin kawai?

Ciyaman ya ɗago da mamaki, kamar an yi masa tambayar wauta. Ya ce ai fizge filogi yana lalata kwamfuta. Shi ya sa ya bi ta yadda ya kamata, ya kuma rufe ta da tawul saboda ƙura.

Sufeto ya sake jefa masa tambaya.

"Lokacin da kake kashewa, idon mahaifinka biyu?"

Ƙasa-ƙasa Ciyaman ya ce, "Biyu. Ya ji ƙarar kiran. Yana ta nuna min kwamfutar da hannu."

Sufeto ya buɗe ƙofa ya yafito Sajan. Shi kansa bai so ko yatsansa ya taɓa mutumin ba. Da ankwa ta shiga hannu, Ciyaman ya sassauta murya ya roƙi alfarma ɗaya. Akwai ƙaramar ƙofa ta baya, ya ce, a fitar da shi ta can, don waɗanda ke zaune a waje duk mutanensa ne, suna ganin girmansa.

"Ta gaba muka shigo," Sufeto ya ce. "Sajan, wuce da shi."

Suka ratsa tsakar gida suka fito. Wani dattijo da ya miƙe da hannu biyu zai yi wa Ciyaman gaisuwa ya hango ankwar, ya tsaya cak, ya mayar da hannuwansa baya. Benci bayan benci magana ta ɗauke. Ba wanda ya tambayi dalili har motar ta bar layin.