Kaset Ɗin Malam Sa'adu

A tashar Matameye suka haɗu, ranar da motar Tsauni ta ƙi cika. Sadiyya malamar lakwal, wato makarantar boko, tana son kiran mahaifiyarta, cajin wayarta ya ƙare. Yunus, tela mai shirin tafiya ci-rani Kano, ya miƙa mata tasa. Ta ce na gode, ta rubuta masa lambarta ba tare da ta yarda sun haɗa ido ba.

Daga nan saƙo ya riƙa zuwa kullum.

"Gimbiyata, yau na ɗinka riga uku, duk da sunanki a bakina. Kin ci abinci?"

"Na ci, telana. Rashin rezo a waya ne ya hana ni amsawa da wuri. Ka kula min da kanka."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta Malam Sa'adu, sai ya ɗaure fuska.

"Wane irin neman aure ne a cikin waya? Ga Cha'ibu ɗan aminina, yana sallama a zaure kowa na gani. Wancan ko takalminsa ban sani ba."

Wani ya kai wa Yunus labarin wai an ba Cha'ibu Sadiyya. Ya rubuto: "Na ji. Allah ya sanya alheri." Daga nan ya daina ɗaukar waya. Sati biyu Sadiyya tana koyar da yara da jajayen idanu.

Mahaifiyarta Rahama ta gaji da gani. Wata Juma'a bayan masallaci ta buɗe adakarta, ta ajiye wani tsohon kaset gaban mijinta.

"Malam, ka gane wannan? Daga Legas ka aiko min shi hannun direba, lokacin da kake neman aurena. Babana ma cewa ya yi bai san mutumin da ke zance a cikin rediyo ba. Da ya dage, da yau ba ni ce a gidan nan ba."

Malam Sa'adu ya daɗe yana juya kaset ɗin, sannan ya yi murmushi ya kira 'yarsa.

"Sadiyya, kina son sa?"

"Ina son sa, Baba," ta faɗa kanta a ƙasa.

"To kawo lambar."

Shi da kansa ya kira. "Yunus, ban ba kowa 'yata ba. In da gaske kake, ka zo in gan ka, ka turo manyanka."

Bayan kwana uku Yunus ya sauka Matameye. Ya durƙusa a zaure ya gaida Malam Sa'adu, daga baya ya ba Sadiyya haƙuri kan saurin yarda da jita-jita.

"Na yafe," ta ce, "amma kada ka sake yin fushi ba ka tambaye ni ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure, har Cha'ibu ya zo ya yi murna. Da za a kai amarya, Sadiyya ta rungume mahaifiyarta tana kuka.

"Inna, da me zan gode miki?"

"Ki zauna lafiya da mijinki, ya ishe ni. Allah ya yi muku albarka."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.