Muryar da Ke Ɗakin Ubaidu

Ciwon kai ne ya kai Ubaidullahi wani ƙaramin asibiti a Kaura Namoda ranar da ya fara ganin Bara'atu. Ita ce ma'aikaciyar jinyar da ta ɗaura masa abin awon jini a dantse. Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa.

"Malam, da ƙuruciyarka jininka ya hau haka? Mi kake yi?"

"Direba ne ni, Kaura zuwa Shinkafi kullum." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Amma kafin in shigo nan, lafiya lau zuciyar take bugawa."

Ta danne dariya, ta ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Ya fita ya bar hularsa kan benci. Da ya dawo ɗauka, da lambar wayarta ya tafi.

Motsa jikin ne ya zame masa aiki. A da samari kan yi gudun safe har hanyar Banga, yanzu kuwa ba mai fita bayan gari haka kawai. Sai wani abokinsa ya haɗa shi da na'urar gem. Ana jona ta da talabijin, ka riƙe wasu 'yan abubuwa biyu a hannu, wata mata a allo tana nuna maka inda za ka kai naushi, tana ƙirga maka da Turanci. Kunya ta hana shi gaya wa kowa, har Bara'atu. Kullum bayan sallar asuba sai ya kulle ɗaki ya yi ta fama.

Saƙonni kuwa ba su yanke ba.

"Likitata, na sha maganin yau. Saura maganin ganinki."

"Direbana, Allah ya shirye ka. Kana motsa jiki kuwa?"

"Ina nan ina ƙoƙari."

Bayan wata biyar iyayensa suka taso daga Zurmi zuwa Shinkafi, neman auren Bara'atu wurin mahaifinta Malam Shehu mahauci. Shi kuma ya tura ƙanensa Sodangi Kaura ya binciko halin yaron. A gidan hayar da Ubaidu ke zaune akwai Mubashir, mai kemis, wanda ya daɗe yana neman Bara'atu ba ta kula shi. Shi ya ja Sodangi gefe ya ce, "Ni ba na cewa komi. Ka zo da sassafe ka ji da kunnenka."

Sodangi ya zo, ya leƙa ta taga. Talabijin ɗin na jingine a ƙarƙashin tagar, don haka bai gan shi ba. Ya koma Shinkafi jiki a sanyaye.

"Yaya, ni dai ban gane ba. Na ji mace, ban gan ta ba. Shi kuwa ya jiƙe sharkaf, yana faɗa da wanda ba shi nan. Ko aljana ta aure shi, ko taɓin hankali ne, Allah kaɗai ya sani."

Malam Shehu ya ce a bar maganar auren nan.

Bara'atu ba ta yarda ba. Washegari da safe ta kira Ubaidu. Ya ɗauka yana haki, a bayansa kuma ga muryar mace zaƙwai-zaƙwai tana yaba masa, tana cewa ya ƙara. Ta kashe wayar, ta rubuta masa:

"Ubaidu, wace ce? Baffa Sodangi ya ce aljana ce, Mubashir ya ce mace ka ɓoye. Ni ma na ji ta. Ban san wa zan yarda da shi ba, ban ma san wanne ya fi sauƙi ba."

Ya karanta sau uku bai fahimta ba. Wace mace? Wace aljana? Yana tsaye riƙe da waya, sai matar allon ta tambaye shi ko ya gaji ne. Ya dafe kai. Cikin sauri ya amsa:

"Kar ki yanke hukunci, Likitata. Ranar Juma'a zan kawo ta gidanku, Baba ya gan ta da idonsa."

Ashe da gaske akwai ta! Bara'atu ta yini tana kuka, kwana uku ba ta ɗaga kiransa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Shehu ya zauna a zaure fuska a ɗaure, Sodangi na gefe yana ta karanto addu'o'in tsari. Ubaidu ya yi sallama, ya shigo rungume da talabijin da na'urar gem, ya koma mota ya ɗauko batir. Ya jona, ya kunna. Matar ta fito tana gaisuwa, ya fara kai naushi.

Sodangi ya zabura. "Wallahi muryar ke nan!"

Malam Shehu ya daɗe yana kallo. "Wagga ita ce matar?"

"Ita ce, Baba."

"Wa ya sa ka wanga aiki?"

"Ɗiyarku ce. Ta ce in ban motsa jiki ba, hawan jini zai kayar da ni."

Dattijon, wanda ya taɓa dambe da ƙuruciya kamar sauran 'ya'yan mahauta, ya girgiza kai. "Wanga naushin naka ko ƙuda ba shi kashewa. Miƙo nan." Ya naɗe hannun riga, ya gyara tsayuwa. Kafin a kira la'asar matar allon ta yaba masa sau bakwai, Sodangi na ƙirgawa.

A soron ciki Bara'atu ta tare Ubaidu, idanunta jajur.

"Mi ya sa ka ɓoye mini?"

"So na yi ki ga tumbin ya tafi, ki yi mamaki."

"Na yi mamaki kam. Ni ce na rame a madadinka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Shinkafi, Sodangi ne ya ba da ita. Da za a kai amarya Kaura, Malam Shehu ya sa su biyun suka durƙusa gabansa, ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi juna kafin ku tambayi maƙwabci. Naushi kuma, Allah ya sa ya tsaya ga allo."

Zaure ya ɗauki amin. Daga cikin mayafi, ta Bara'atu ta fi ta kowa ƙarfi.